Mayafin da Na Bar wa Ƙudan Zuma

Ni zabiya ce. Gara in faɗa tun daga farko, tunda duk wanda ya haɗu da ni abin da yake fara gani ke nan kafin ya amsa sallamata. A Limawa na tashi, cikin Jimeta, garin da rana ba ta san wasa ba. Sauran yara da magariba ake kiran su su shigo gida, ni kuwa da hantsi ake kira na. In rana ta sami fatata na ɗan lokaci sai ta yi ja, ta ɗuri ruwa, ta saɓule. Idanuna kuma ba sa cin nesa. Mutum in ya wuce tsawon tabarma biyu daga inda nake, fuskarsa ta tafi, sai dai in ga launin rigarsa.

Mahaifiyata muna kiran ta Dada, kamar yadda maƙwabtanmu Fulani ke kiran tasu, ko da yake kakanninta fataken Kano ne. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra. Amare daga Nassarawo har cikin garin Yola ita take yi wa. Gidanmu kullum akwai ice jiƙe cikin turare, farcen humra a kan wuta, kwalabe jere a ƙarƙashin gado. Baƙi sukan ce har ruwan randarmu ƙamshi yake. Mu 'yan gida ba ma jin komai, sai mun fita waje mun daɗe muke sanin ƙamshin gidanmu. Akwai wani haɗi da Dada ba ta sayar wa kowa, nata ne da 'ya'yanta. Kuma babu ɗanta da zai fita sai kayansa sun hau kabbasa, wato kwandon nan da ake kifawa a kan kaskon turare, a shimfiɗa tufa a bisa hayaƙi ya ratsa ta.

A shekarun da 'yan ta'adda suka riƙa cin garuruwan arewacin jiharmu, mutane suka yi ta kwararowa Yola da ƙunshin kaya a ka, kowa a garin zuciyarsa a hannu take. Wata rana muna kasuwa ni da Dada sai wani abu ya yi ƙara. Daga baya aka ce tayar tirela ce ta fashe, amma a lokacin wa zai tsaya tambaya? Kasuwa ta watse, hannuna ya suɓuce daga nata. Na durƙusa a gindin teburin wani mai tumatir, ba na ganin komai sai launuka suna gudu. Ina kiran ta, muryata ba ta ko kai kunnena. Can cikin warin zufa da ruɓaɓɓen tumatir sai na ji shi, wannan haɗin da ba a sayarwa. Na miƙe na bi hancina har na cafki gefen zaninta. Har yau Dada cewa take ita ta hango ni, ni kuwa na san wanda ya sami wani.

Tun daga ranar abu biyu suka ƙaru a gidanmu, kulle da turare. Makaranta kawai nake zuwa, cikin keke mai rumfa, in dawo. Ni kuma a zuciyata akwai abin da nake so fiye da abinci: in gama sakandare in tafi jami'ar da ke Sangere, in zauna a ɗakin ɗalibai kamar kowa. Duk lokacin da na kawo zancen sai Dada ta ce, "Allah ya kai mu," da irin muryar da ke nufin ba za a kai mu ba.

Muna ajin ƙarshe, lokacin gari ya fara lafawa, malamarmu ta labarin ƙasa ta dawo da abin da rikici ya tsayar. Kirista ce daga wajen Ganye, gajera, mai saurin tafiya, a cikin duwatsu ta girma. Da can takan kwashi 'yan ajin ƙarshe da jakunkuna a baya ta kai su duwatsun da ke kudu da Yola, su kwana a ƙauye, su hau, su sauko. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, duk "ka" muke a wurinta.

Ranar da ta faɗi dokokin tafiyar ta ce, "A ƙasashen sanyi masu hawan dutse wani ƙaton dabba suke tsoro, beyar, yana bin ƙamshin abinci da man shafawa har cikin tanti. Mu ba mu da shi. Namu ƙarami ne, yana da fiffike, kuma ba ya zuwa shi kaɗai."

Ƙudan zuma take nufi, na daji, masu gida a tsagin dutse. Babu turare, babu sabulu mai ƙamshi, babu man gashi, babu alewa a aljihu. Kaya masu haske za a sa. In ɗaya ya zo yana shawagi a fuskarki kada ki kai masa mari, don warin wanda aka kashe shi ke tayar da sauran. Tana cewa "babu turare" ajin gaba ɗaya ya juyo ya kalle ni aka kwashe da dariya. Wata ta ce ni ko an dafa ni an zubar da ruwan farko sai na yi ƙamshi. Na ce mata ita kuwa zuma ko kusa da ita ba zai zo ba, yana da hankali.

Ba wanda ya zaci zan je. Ni kaina ban zata ba, sai da Malama ta taka har gidanmu.

Dada ta shimfiɗa mata tabarma, ta ba ta ruwa, ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta ce, "Malama, yarinyar nan daga ɗaki zuwa makewayi sai na duba inda inuwa take. Ke kuma kina cewa kan dutse."

"Hajiya, baɗi yana so ya tafi jami'a," in ji Malama. "A Sangere wa zai duba masa inuwa? Bari ya koya tun ina kusa."

Dada ta daɗe tana juya garwashi a kasko. Ina bayan labule ina sauraro. Da ta buɗe baki ba da Malama ta yi magana ba, da labulen ta yi.

"Na san kina nan. To ki ji da kyau. Ki je. Amma in kika dawo mini da ƙuna, ko kamar ƙwayar gero ce, kin gama fita. Sangeren ma ki cire ta daga ranki."

Na ce na yarda. Da ta ce in dawo da dutsen a ka ma, da na ce na yarda.

Sai neman man kariyar rana. Wanda nake shafawa a gida ƙamshin kwakwa yake, Malama ta sunsuna ta ce a bar shi a gida. Na zaga rumfunan kayan shafa na kasuwar Jimeta da yayata, duk kwalbar da aka buɗe sai ka ji kamar an shiga ɗakin amarya. Wani mai shago ya tare mu yana, "Baturiya, zo, zo! Dis wan na orijinal, ƙamshi kamar aljanna!" Da na ce mara ƙamshi nake so ya dube ni kamar na ce ina neman gishiri mara ɗanɗano. Ƙarshe ya miƙo mini man bilicin. Na ce masa, "Malam, dube ni da kyau. Ina kake so in ƙara zuwa?" A wani kemis kusa da asibiti muka samu, fari, mai kauri, warinsa kamar jiƙaƙƙen alli. Dada ta kai shi hanci ta yamutsa fuska ta ce wannan ai fenti ne.

Kayana a gidan maƙwabta na wanke da sabulun salo, a can na shanya, a can na ajiye jakar. Wannan ya yi wa Dada ciwo fiye da tafiyar kanta. "Kayan 'yata a igiyar wani gida, kamar mun yi gobara," ta ce. Maganar zuma kuwa ba ta shige ta ba sam. Ita da take cikin ƙamshi shekara da shekaru, wane zuma ne ya cinye ta?

Safiyar tafiya, na riga na saɓa jaka, ta biyo ni zaure da wani ƙunshi a leda, an ɗaure shi tam, an sake sa shi cikin wata ledar.

"Mayafi ne, fari, mai kauri. Wannan hijabin naki shara-shara ne. In rana ta take ki ɗora a kai."

"Dada, ba ki dai…"

"Sabo ne dal, jiya na sayo."

Na cusa shi can ƙasan jaka. A bakin makaranta Malama ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana sunsuna wuya da jaka kamar mai sayen kifi. Ta ƙwace man leɓe a wurin wata, ta mayar da wata famfo ta wanke hannu. Da ta zo kaina ta daɗe, sannan ta ce, "Yau ɗan mai turare ya fi kowa rashin wari." Na ji daɗi kamar an ba ni kyauta.

A shingen sojoji na bayan gari aka sauke mu duka. A wancan lokacin babu abin da ke tayar da hankalin soja kamar yarinya da hijabi da jaka a baya, mu kuwa mota guda ne. Aka jera mu a rana, hannu sama, kowa ta buɗe jakarta daga nesa. Ni ba bindigar nake tsoro ba, ranar da ke dukan bayan hannuna nake lissafi. Wani soja ya tono ƙunshin Dada da bakin sanda ya ce, "Mene wannan?" Na ce mayafi ne. Ya danna shi ya ji laushi, ya ce in mayar. Sau da yawa nakan ce da ma sojan nan ya fi haka mugunta ya sa na kwance.

Ƙarshen damina ne, ciyawa ta kai ƙugu. Muka kwana a ajin wata firamare a ƙauyen gindin dutse, gari na wayewa muka kama hawa, da nufin mu sauko kafin rana ta yi tsaka. Na shafe fuska da wuya da hannu da fentin nan har na zama kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa. Kusa da ƙololuwa hanyar ta matse, ta bi tsakanin wasu manyan duwatsu biyu, inda wani ɓaure ya fito daga tsagin. Malama ta ɗora yatsa a baki ta nuna sama. Ban ga komai ba, amma na ji, wani gunji can ƙasa-ƙasa kamar injin niƙa a wata unguwa. Muka wuce ɗaya bayan ɗaya, ba mai tari. Ko ɗaya bai kula mu ba.

A sama aka ce ana hango kogin Binuwai. Ni ban hango ba, haske kawai na gani shimfiɗe ba iyaka, da iska da ba ta taɓa bangon kowa ba kafin ta taɓa ni. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Amma 'yan mata da hoto! Wannan ta ce a sake, waccan ta ce idonta a rufe yake. Kafin Malama ta tattara mu rana ta riga ta hau.

Saukowa ta fi mini wuya, don ba na iya gane zurfin taki sai na sa ƙafa. Sauran suka yi gaba tare da malamar wasanni da ta rako mu, suka shige matsatsin nan suka ɓace. Ni da Malama muka rage a baya a kan falalen dutse, babu ko ganye. Zufa ta wanke rabin man da na shafa. Ina jin rana tana ratsa hijabina tana tsunkulin wuyana, sai maganar ƙwayar gero ta faɗo mini. Saura kaɗan mu kai bakin matsatsin na ce, "Malama, ina zuwa." Na sauke jaka, na yage ledojin da haƙori, na warware mayafin na yafa shi har goshi, duk cikin gaggawa.

Ina cikinsa na ji. Dada ce, gaba ɗayanta, kamar ta rungume ni ta baya. An turara shi, an shafe shi da humra, an ƙulle a leda tun yana da ɗumi yadda take yi wa kayan amare don ƙamshi ya kama. Wallahi abin da na fara ji daɗi ne, har idona ya kawo ruwa. Sannan na tuna da zuma, don iska daga bayanmu take busowa, tana bi ta kaina zuwa wajen ɓauren.

Malama ta juyo. Ba ta tambaye ni komai ba, hancinta ya gaya mata.

"Kar ka motsa," ta ce a hankali.

Na farko ya zo ya bugi goshina ya koma. Na biyu ya sauka a kan mayafin daidai kunnena, ina jin tafiyar ƙafafunsa. Gunjin nan na safe ya canja murya, ya taso sama. Malama ta ɗaga murya ta kira malamar wasanni ta ce su yi ƙasa da yara, kada kowa ya tsaya, kada kowa ya dawo. Sannan ta matso kusa da ni.

"Cire shi. A hankali. Ajiye a ƙasa."

Na ƙanƙame shi a ƙarƙashin haɓata. Na san abin da ke jira na a waje da mayafin nan. In na cire rana za ta ci ni, in ta ci ni Sangere ta tafi, zan koma ɗakin Dada in tsufa ina jera kwalabe.

"Malama, zan ƙone."

"Na sani."

"Kin ji abin da ta ce."

"Na ji. Rana zai ƙona ka, wannan zai kashe ka. Kuma 'yan'uwanka suna ƙasan matsatsin nan. Cire."

Kafin in amsa ɗaya ya shiga tsakanin mayafin da kumatuna. Duk dokar da aka karanta mana ta gudu daga kaina, hannuna ya kai mari da kansa. Na ji harbin kamar an soka mini allura mai zafi, na kuma ji shi ya murƙushe a tafina. Malama ta ce, "Yesu!" ta fizge mayafin ta yi jifa da shi wajen bakin matsatsin. Ta sunsuna kafaɗata ta ce hijabin ma ya ɗauka. Wannan ni na cire da hannuna. Tun ina 'yar ƙarama ban taɓa tsayawa a waje ba hijabi ba, sai ga ni a kan dutse da ɗan ƙaramin ɗankwali, wuya da kunne a fili.

Ta kama hannuna muka ja da baya, sama, inda muka fito, fuska a ƙasa. Wasu suka biyo mu. Na sami harbi a hannu da ƙeya, ita kuwa da ta sa jikinta tsakanina da su ta samu a fuska da damtse. Da muka yi nisa suka rabu da mu. Na waiga, na ga farin mayafin yana zama baƙi daga gefe. Jakata tana nan kusa da shi, man kariyar rana yana ciki.

Hanya ɗaya ce mai sauƙi, ga ta sun tare. Malama ta ce sai mu zaga ta bayan dutsen, ta kan falale, har mu faɗa gonakin ƙauye. Ta cire hularta ta hana-salla ta kifa mini. Ta jiƙa hankicinta da ragowar ruwan gorarta ta shimfiɗa a wuyana, amma ɗan mitsitsi ne, in ya rufe nan sai can ya buɗe, kuma nan da nan ya bushe. Ta yi ƙoƙarin tafiya ta ɓangaren rana don ta yi mini inuwa, sai dai rana tana tsakar ka, inuwarta duk a ƙarƙashin ƙafarta take.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Dutsen yana mayar da haske cikin idona har na daina buɗe su, hawaye kawai ke zuba. Malama ke faɗa mini inda zan sa ƙafa: "Dama. Ƙasa kaɗan. Zauna ka ja jiki." In na dafa dutse tafina ya ƙone, in na ɗaga rana ta ci bayan hannun. Ina jin fatar wuyana tana ɗaurewa kamar ganga a bakin wuta. Na san wannan jin, na san abin da ke biyo bayansa. Wani wuri na tsaya na ce mata ba amfani, an riga an gama. Ta ce, "An gama da wuyanka, ba a gama da kai ba. Taka."

A ƙauye mata suka kankare mana ƙarin da zuman ya bari a fatarmu da bakin wuƙa, suka yi ta zuba mini ruwan randa a wuya. Sauran 'yan mata ba wadda aka taɓa, sun yi tsuru-tsuru, har da mai maganar dafa ni, ita ce ma ta ciro hijabinta na canji ta ba ni. A mota ƙurajen suka fara tashi, a wuya, a kunne, a bayan hannu. Idon Malama ɗaya ya kumbura ya rufe. Duk hanya ina shirya ƙarya: zan ja hijabi har gira, in sa hannu a ciki, in ce na gaji in shige ɗaki, gobe Allah ya kawo dabara.

Da la'asar muka iso, Malama ta ce sai ta raka ni ciki. Dada tana tsakar gida. Ban kai gare ta ba ta ce, "Hijabin wa ne wannan?" Warin jikin mai shi ta jiyo. "Ina mayafin da na ba ki?"

Na ƙara jan hijabin har gira. Ta taso ta ɗaga hijabin da yatsa biyu. Ta ga ƙurajen. Ta dubi wuyan, ta juya kunnen, ta ɗago hannuwana ɗaya bayan ɗaya.

"Na faɗa miki," ta ce. Ba faɗa a muryarta, shi ya sa na san da gaske take. "Na faɗa miki a gaban malamarki."

Malama ta fara cewa, "Hajiya, yaron ya yi ƙoƙari…" Amma ni na riga na cika. Na sha rana, na sha harbi, ga Sangere ana naɗe ta a gabana kamar tabarma.

"Turarenki ne, Dada! An ce babu ƙamshi, babu ƙamshi, har gidan mutane na je na yi wanki! Mayafinki ne ya kira su. Yana can na bar musu. Dubi idon Malama!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta juya ta dubi Malama, kamar sai yanzu ta lura da fuskarta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta zauna a kan turmi, ita da ke hana mu zama a kai.

"Sau ɗaya na gitta shi a kan kabbasa," ta ce. Duk mun san ba sau ɗaya ba ne. Ta sake cewa, ƙasa-ƙasa, "Na ce can babu kowa naki. In wani abu ya tashi aka watse, in tsoro ya kama ki, ki ji ni kusa."

Fushina ya zube, na rasa inda zan sa kaina. Na tuna abin da na fara ji a cikin mayafin kafin tsoro ya zo, amma ban iya gaya mata ba. Malama ta yi sallama ta fita a hankali.

Na yi kwanaki a kwance rub da ciki. Dada ke wanke ciwon, ita ke kai ni asibiti a sa magani, ita ke korar ƙuda. Ta dafa abinci ta aika wa Malama har idonta ya buɗe. Zancen dutse bai sake fitowa daga bakinta ba, haka ma zancen Sangere, ni kuma tsoro ya hana ni tambaya. Fatar ta saɓule, sabuwa ta fito, tabo ya zauna a bayan kunnena na hagu, yana nan har yau. Na rubuta jarrabawa, sakamako ya yi kyau, na nuna mata ta ce, "Madalla," ta ci gaba da tankaɗe garin sandal. Na ɗauka shi ke nan, sharaɗi ya ci ni.

Da damina ta sake ƙarewa Malama ta aiko cewa za ta kai 'yan ajin da ke bayanmu, tana son tsohuwar ɗaliba ta taya ta, in za a bar ni. Na isar da saƙon ina kallon ƙasa. Dada ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Washegari na nemi kayana na rasa. Yayata ta ce suna igiyar maƙwabta, Dada ce ta kai da kanta, ta ba matar gidan sabulun salo ta ce ita ta wanke, don nata hannun duk turare ne. Har da sabon farin mayafi mai kauri, wanda bai taɓa kwana a gidanmu ba.

A gidan maƙwabtan na yi wanka na shirya. Na shafa fentina, na saɓa jaka, na leƙa zaurenmu in yi sallama. Na hango launin zaninta a can ƙarshen zauren, na nufe ta yadda na saba, don Dada ba ta taɓa barin ɗanta ya yi tafiya ba ta kama kansa ta yi masa addu'a ba.

"Tsaya nan," ta ce. "Kar ki matso. Jikina duk humra ne."

Na tsaya a bakin ƙofa. Tana nesa da ni fiye da tabarma biyu, iska kuma daga titi take shigowa. Ba na ganin fuskarta, ba na jin ƙamshinta. Tunda aka haife ni ban taɓa tsayawa a gabanta na rasa duka biyun ba.

Daga can ta yi addu'ar. Da ta shafa ta ce, "In kin dawo ki kai ni Sangeren nan, in ga ta ina rana ke shiga ɗakin."

Na ce, "Dada."

"Ina nan," ta ce. "Ba kya gani na ne kawai. Je ki, kar mota ta tashi."

Yanzu ni ke tsayawa a ƙofar mota ina sunsuna 'yan mata, kuma duk ƙunshin da na gani a leda sai an kwance shi a gabana. Kusan kowace tafiya sai na sami ɗaya, an ɗaure shi tam, uwa ce ta cusa a ƙasan jaka. Ba na yi wa yarinyar faɗa. Nakan sake ƙulle shi da kyau in ba direba ya ajiye, in ce mata in mun sauko ta karɓi abinta.